Gonar Iya a Ƙasar Ƙanƙara

Shekarar da nake aji na biyu a koleji aka ɗauko kakata daga Dungu ta zo ta zauna wurinmu a Matameye. Gwiwarta ce ta kumbura bayan girbi, likita ya ce sai an riƙa yi mata allura ana dubawa, kuma ta daina duƙawa. Mahaifiyar babanmu ce, Iya muke ce mata. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure, aka shimfiɗa mata tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida. A nan take wuni, ƙafa a miƙe, carbi a hannu, tana kallon bango.

A Dungu na san ta da baki. Tun daga bakin rijiya ake jin muryarta tana yi wa awaki faɗa. A gidanmu kuwa sai ta yi tsit. In an kawo tuwo ta ce an gode, in an tambayi jiki ta ce da sauƙi, shi ke nan. Ni kuma dama ba mai magana ba ce, ko a aji in na san amsa ba na ɗaga hannu. Sai muka zama mu biyu a tsakar gida kamar tukwanen da aka kife.

Yayata tana lise, wato babbar sakandare, lokacin, kuma tana da salula da kawunmu ya kawo mata daga Damagaram, gilashin da 'yar tsaga a kusurwa. Wata ƙawarta ta tura mata wasanni biyu masu kama da juna. A kowanne ana ba ka mutane ka riƙa tafiyar da rayuwarsu, su ci, su kwana, su yi aiki, su tsufa. Zamani ne kawai ya raba su. Ɗaya a babban birni na yau, ɗaya kuma a wani ƙauyen Turawa na zamanin da, tun ba a san mota ba.

Yaya na birni ta zaɓa. Tana da wata budurwa mai jan gashi da ke zaune a bene hawa na shida. In yunwa ta kama ta sai ta buɗe firigo, kullum a cike yake, ban taɓa ganin wanda ya je cefane ba. In ta murɗa famfo ruwa ya zo. Wuta ba ta taɓa ɗaukewa. Da safe mota ta tsaya a ƙofa ta kai ta wurin aiki, da yamma ta dawo ta sayi sabuwar kujera. Na ƙauyen kuwa sau ɗaya Yaya ta buɗe shi ta rufe.

"In ɗebi ruwa da safe, in zo kuma in ɗebi ruwa a salula?" in ji ta. "Allah ya kiyaye. Ɗauki kayanki."

Haka ya zama nawa. Ana ba ni salular bayan la'asar, lokacin da Yaya take madafa tana girkin dare, in mayar kafin magariba. Mutanena huɗu ne: magidanci, matarsa, ɗiyarsu, da wani tsoho mai farin gemu da ke tafiya da sanda. Suna da ɗaki mai jinka, da akuya, da kaji biyar, da rijiya mai guga, da 'yar gona a bayan gida. Can nesa kan tudu akwai gidan sarki na dutse. Abin da ya fara kama ni ƙananan abubuwa ne: yadda hayaƙi ke bin iska, yadda kaza ke karkata kai kafin ta tsattsagi ƙasa, yadda matar ke sa hannu a ƙugu in ta sauke itace. Wanda ya zana ta ya taɓa ganin macen da ta gaji.

Wata rana ina zaune a gefen tabarmar Iya, don nan ne inuwa ta fi, sai akuyar cikin salula ta yi kuka. Iya ta juyo.

"Akuyar wa ce ta shigo?"

Na nuna mata. Ta karɓi salular da hannu biyu kamar an miƙo mata ƙwarya cike da nono, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan akuya ba ta ƙoshi ba," in ji ta. "Dubi kwiɓinta. Wa ke kiwonta?"

"Ni ce, Iya."

"To, kin ji kunya."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun zuwanta. Kashegari ina fitowa da salular ta gyara zama ta bar mini wuri. Daga ranar ni ce hannu, ita ce baki. Ta sa na matsar da turken akuya daga bakin rijiya. Ta sa na daina tura tsohon itace, wai ba a aiken dattijo alhali da yarinya a gida. Ta hana matar wanki da rana tsaka. Rubutun wasan duk da Faransanci yake, ni nake karantawa in gaya mata, ita kuma ta yanke hukunci.

Yaya ta so ta burge ta, ta zo ta nuna mata budurwarta mai jan gashi. Iya ta kalli ɗakin, ta kalli gadon, ta kalli firigon.

"Ina uwarta?"

"Ba ta da uwa, Iya, ita kaɗai take."

"Ita kaɗai? Me ta yi aka kore ta?"

"Ba korar ta aka yi ba, haka ake zama a birni."

"Wancan kuma mene ne a kan gado?"

"Karenta ne."

Iya ta mayar mata da salular, ta goge hannu a zane. "Allah ya shirye ta. Kawo mini mutanena."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mutanenki! Iya, kin san abin da suka rubuta? Wai wannan zamanin da ne, na kakannin kakanninsu. Rijiya, jaki, itace, turmi. Ashe Dungu suka zana suka ce tarihi ne."

"In sun manta yadda ake yi su zo mu koya musu," in ji Iya.

Maganar Yaya ta zauna mini a rai kwana da kwanaki. Abin da wasu ke wasa da shi don sun gaji da benaye, shi ne safiyar Iya ta kowace rana. Na rasa ko kunya zan ji ko alfahari. Amma na lura da wani abu: a wasan Yaya ba abin da ke lalacewa. In budurwar ta yi fushi sai a saya mata talabijin. A nawa kuwa in ka manta rufe akurki, da safe kaza ɗaya babu.

Da zafi ya tsananta, sai salular ta fara ciwo. Ta cika, in an taɓa ta sai ta yi tunani kafin ta amsa. Yaya tana son ƙarin kaya da aka fito da su a wasanta, har da tafkin wanka a saman bene, ga shi ba wuri. Ta ce sai an goge ɗaya.

Sai idona ya cika da ƙwalla. Ta kalle ni, ta kalli Iya da ke can tana jiran la'asar, ta yi tsaki.

"To ji nan. Ai in mutanen suka mutu duka wasan ya ƙare, ko? Ranar da suka ƙare, ranar zan goge. Kada ki zo ki yi mini wannan idon."

Na yarda. Ban gaya wa Iya ba. Amma na san abin da zai tafi in aka goge, domin a duk wuni wannan sa'a ɗaya ce Iya take zama Iyar Dungu.

Ba mu fara wasan da gona a shuke ba. Hatsinsu, wani mai kama da alkama, yana cikin rumbu, shi suke ci, shi ne kuma iri. Tun farko na so in shuka, Iya ta hana.

"A wannan busasshiyar ƙasa? Ki bari ruwa ya sauka."

Akan yi ɗan yayyafi a wasan jefi-jefi, ta ce wannan ba ruwan shuka ba ne, na yaudarar rago ne. Muka yi ta jira. Kwanakin wasan gajeru ne, a zama ɗaya sai mu cinye uku ko huɗu. Ciyawa ta yi kore shar, ta fara ja, Iya ta ce damina ta makara bana, Allah ya kawo sauƙi.

Rannan sai sama ta yi baƙi a cikin salular. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har da tsawa, har kwana biyu. Iya ta ajiye carbi.

"Alhamdu lillahi! Damina ta faɗi. Tashe su duka, har yarinyar. Namiji ya sara, mata su bi da iri."

Ni kuwa na ga abin da ita ba ta gani ba. Ganyen itatuwan bayan gidan ya koma ja da rawaya, yana zuba. A kusurwar gilashin, daidai gefen tsagar nan, akwai ɗan hoto da ke nuna lokaci. Da fure ne, ya koma rana, yanzu ya zama jan ganye. Na san ma'anarsa. Tun firamare malaminmu, Mushe, ya sa muka haddace lokutan Turawa huɗu, muna rerawa kamar waƙa, har na ci maki a kai. Bayan jan ganye sanyi ke zuwa. Na sani sarai. Amma Iya tana murna, fuskarta ta buɗe yadda ban gani ba tun zuwanta, kuma wace ce ni da zan koya wa matar da ta yi damina sittin lokacin shuka? Na haɗiye maganata na fara danna gona.

Muka zuba hatsi mai yawa a ƙasa. Da ya rage 'yar jaka ɗaya ta iri sai Iya ta riƙe hannuna.

"Tsaya. Ba a ƙarar da iri. Wannan na maimai ne, ko da shuka ta ƙi. Ajiye shi daban."

Shuka ta tsiro kyakkyawa, layi-layi. Kwana biyu Iya tana yi wa duk wanda ya shigo gidan labari, har innarmu ta zo ta leƙa ta ce tubarkalla. A rana ta uku ina buɗe wasan na ga duniya ta yi fari fat. Rufin ɗaki fari, bakin rijiya fari, wani abu yana sauka daga sama a hankali kamar audugar rimi. Gonar kuwa ta yi baƙi, tsiron duk ya kwanta.

"Mene ne wannan?" in ji Iya. "Gishiri?"

"Ƙanƙara ce, Iya. Sanyinsu ne ya shigo."

"Sanyi bayan ruwan shuka? Wace irin ƙasa ce wannan?"

Sai na fashe da kuka. Na gaya mata komai, jan ganyen, da waƙar da muka haddace, da sharaɗin Yaya. Na zaci asarar hatsin ce za ta ɓata mata rai. Sai ta dube ni.

"Wato kin san ƙasarsu, kika bar ni ina yi musu daminar Dungu?"

"Na ji nauyi ne, Iya."

"Nauyi! Ke, in kin ga maciji zai shiga zanena, nauyi za ki ji? Baƙo ko da ido makaho ne, ni baƙuwa ce a garin nan. Share hancinki. Kwana nawa sanyin yake yi?"

Na duba na gaya mata. Ta sa na buɗe rumbu ta ga abin da ya rage. Ba zai kai rabin sanyin ba.

Daga nan Iya ta zama wata daban. Ta ce ci sau ɗaya a rana, da yamma, don a kwana da abu a ciki. Kaji a kai kasuwa a musanya da hatsi. Na ce akuyar ta fi tsoka, ta ce wanda ya rabu da akuya mai nono ya rabu da gobe. Ta tambaya ko akwai abin da ake tsinta a dajinsu. Na tura matar da ɗiyarta, suka dawo da wasu 'ya'yan itace masu ɗaci da wasan ya ce sai an jiƙa kafin a ci.

"Kowace ƙasa da anzarta," in ji Iya. Ta ba ni labarin wata shekara tana amarya, da hatsi ya ƙi, suka riƙa tsinko 'ya'yan anza a daji suna jiƙawa kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sakewa, kafin ɗacin ya fita a dafa. Ban taɓa jin labarin ba. Babanmu ma da na tambaye shi daga baya ya ce ba ta taɓa gaya masa ba.

Sannan ta dubi magidancin yana zaune a bakin murhu.

"Wannan ƙaton me yake jira? Ba aikin gona, ga baki yana ci. Ya tafi cin rani."

"Iya, ba rani ba ne."

"To ya tafi cin sanyi. Ba wani gari da ake aiki?"

Na bincika na ga ana neman masu ɗaukar dutse a gidan sarki, ana ciyar da su a can, su dawo da ɗan hatsi. Muka tura shi. Iya ta bi shi da ido har ya ɓace a bayan tudu, ta ce haka kakanmu yake tafiya Kano da zarar an ɗaure dammuna, da tabarma a kafaɗa.

Duk da haka rumbu ya ƙare saura kwana huɗu sanyi ya fita. Kowane mutum yana da ɗan layi a saman kansa da ke nuna ƙarfinsa. Na matar da na yarinyar sun yi rawaya, suna shan nonon akuya. Na tsohon ya yi ja. Ya daina fita, yana kwance kusa da wuta, sandarsa a jingine. Abinci ɗaya ya rage a gidan, jakar irin nan.

"Iya, in dafa masa?"

"A'a."

Ban san Yaya tana tsaye a bayanmu ba, da muciya a hannu. Ashe kwana uku ke nan tana leƙe.

"Haba Iya! Ku ba shi mana, mutuwa zai yi!"

"Ke da kike jira su ƙare?"

"Ni ban ce tsohon ya mutu da yunwa ba. Ku dafa rabi."

"In an ci iri, me za a shuka? Ya ci yau, badi su mutu su huɗu." Iya ba ta ɗaga murya ba. "Shi ma in da zai yi magana, abin da zai ce ke nan. Na san irinsu."

Salular tana hannuna. Da na danna, da ba wanda zai hana ni. Na kalli tsohon, na kalli hannun Iya a kan gwiwarta mai ciwo, na bar jakar inda take. Kashegarin wasan aka wayi gari gadonsa ba kowa, sai ɗan tudu a bayan gida. Iya ta yi salati a hankali. Tuwon ranar ya kama, innarmu ta yi ta yi wa Yaya faɗa.

Magidancin ya dawo da rabin buhu. Ƙanƙara ta narke, rijiya ta fito, ɗan hoton kusurwa ya koma fure. Sama garau, ko ɗigo babu. Na ce, "Iya, yanzu ne."

"Yanzu me?"

"Shuka. A ƙasarsu yanzu ake yi."

"Ba ruwa?"

"Ƙanƙarar da ta narke ita ce ruwan. In muka jira, za mu sake makara."

Ta kalle ni, ta kalli gonar, ta tauna goronta. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, binne ke nan. Mu ma muna yi in mun ga alama, a sa iri a ƙasa ya jira ruwa. Bismilla, zuba."

Na zuba irin har ƙwayar ƙarshe. Ya tsiro, kuma wannan karon ya tsaya. Da yamma na miƙa wa Yaya salularta, ta juya ta a hannu ta ce, "Mutanen naku sun ƙi mutuwa." Ta zauna a kan turmi ta goge bidiyon bukukuwan ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, tana mita, har wuri ya samu. Tafkin wankan dai bai shiga ba, sai wata 'yar fitila mai tsayi da ta saya wa mai jan gashi.

Iya ba ta ga girbin ba. Hatsin wasan yana fitar da kai aka yi ruwa na gaske a Matameye, ƙamshin ƙasa ya cika gida, ta ce ko da rarrafe sai ta koma Dungu. Likita ya ce ta ƙara wata ɗaya, ta ce ya zo ya gaya wa gonarta. Muka raka ta tasha ranar kasuwa. An sa ta gaba saboda ƙafar, ana ta ɗaure buhuna a saman motar, sai ta yafito ni ta taga.

"In kun girbe, ki fitar da sadaka don tsohon nan. Kwano ɗaya ma ya isa. Kada ki manta."

Ban manta ba. Da muka girbe na bi wasan lungu-lungu ina neman inda ake sadaka, ban samu ba. Akwai saye, akwai sayarwa, akwai musanya, ba wurin bayarwa haka kawai. Sai na sa yarinyar ta ɗauki ɗan buhu ta kai ƙofar wata maƙwabciyarsu mai 'ya'ya da yawa, ta ajiye ta dawo. Maƙwabciyar takan fito ta ratsa ta gefensa ta tafi rijiya, ba ta taɓa duƙawa ta ɗauka ba. Da aka kira Dungu a waya Iya ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya. Ta ce ba komai, mu dai mun fitar, in bar shi a nan.